Kwanukan Ajiya da Aka Kankare

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, kuma yanzu da idona yake gani dishi-dishi ba zan fara ba. Matar ɗana ce take rubuta wannan. Na gaya mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, ko da a kanta zancen ya faɗa, don kuwa a kanta zai faɗa. Zancen kwanuka ne, kwanukan wasu mata da suka bar min ajiya. Na tsufa ba wanda ya taɓa ba ni ajiya ya dawo ya tarar ta taɓu, kuma ban da wannan suna ba ni da wani abin da zan bari a duniya.

Tun shigowar sabuwar shekara wani abu ya shigo gidan nan namu na unguwar Romi a Kaduna, kuma ta waya ya shigo. Wata mata ce a cikin wayar, tana zaune a ɗaki fari fat, babu komai a bayanta sai tukunyar fure guda, kamar wadda ɓarayi suka yi wa sallama. Wai mutum ba zai ci gaba a rayuwa ba sai ya rage kayan ɗakinsa. Wai tarkace a ɗaki tarkace ne a zuciya. Wai duk abin da ka shekara ba ka yi amfani da shi ba, ka fitar da shi. Abin yana da suna da Turanci, harshena ya ƙi ɗauka. Na ce wa surukata, "To ni da na fi shekara ba wanda ya yi amfani da ni, a wane buhu za a sa ni?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Haba Mama!" Ta ɗauka wasa nake yi. Ta fara da ɗakinsu, ta fitar da takalma da jakunkuna buhu biyu. Ta koma kicin, ta sayo kwalabe iri ɗaya, ta jera, ta manna wa kowace takarda. Na tambaya me aka rubuta a wannan, ta ce gishiri. Na ce me ke ciki, ta ce gishiri. Ni dai ban san gishiri yana mance sunansa ba.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ɗakina ya cika. Akwai gwangwanaye, akwai kwalaben man ja, akwai buhunan da na wanke na ninke, akwai ƙyallayen da ban san ranar amfaninsu ba amma na san za ta zo. Ɓera ya taɓa haihuwa a bayan akwatina, na kuma taɓa tuntuɓe da daro na yi mako ina ɗingishi. A ƙarƙashin gado kuma akwai ƙulli uku, kowanne a tsohon zane. Wata rana ta durƙusa tana shara ta ce, "Mama, waɗannan fa?" Na ce, "Ajiya ce." Iyakar abin da na ce ke nan, kuma nan ne nawa laifin yake. A zamaninmu idan an ce ajiya an gama magana, ko yaro ya san ya janye hannunsa. Ban san kalmar ta tsufa tare da ni ba.

Ina yarinya aka kawo ni garin nan daga ƙauyenmu na kudu, da warin citta a zanena. Maigidana yana aiki a masaƙa, muna haya a Nasarawa, a irin gidan nan mai ɗakuna a jere, ƙofa tana kallon ƙofa, famfo ɗaya, turmi biyu. Ba mu da agogo, ba ma kuma bukata. Jiniyar masaƙa ce take tashe mu. Da ta yi kuka sai ka ji ƙararrawar kekuna ta cika titi, maza suna gaisawa a guje, wannan da yarensa wancan da nasa, duk a haɗu a Hausa. Sai taɓarya ta karɓa, sai ƙarar bokiti a bakin famfo, sai faɗan wadda ta tsallake layi. Kafin rana ta take sai mu ɗaure abinci a ƙyalle mu ɗora a ka, mu jera zuwa ƙofar masaƙa, mazanmu su fito da auduga a gashi kamar sun tsufa tun safe. Yanzu unguwa ba ta da murya ɗaya. Kowa da tasa ƙarar a aljihu, kowa da katangarsa, janareto ne kawai yake gaida maƙwabci.

Kwanukanmu duk iri ɗaya ne. Mutum ɗaya ne yake kawo su kasuwa, samira da langa da fanteka, farare masu jan fure da koren ganye, bakin da shuɗin zobe. Ka shiga ɗaki goma, furen nan ne zai kalle ka. Kuma kwano a lokacin ba ya zaman gida. Idan an yi rasuwa, ko aure, ko matan zumunta suna da taro a coci, ba a kiran masu dafa abincin haya kamar yanzu, a zo a miƙa wa mutum shinkafa a leda yana tsaye. Kowace mace kwanukanta take kwasowa. A ci gwaten acca, a sha kunu, kwana biyu ko uku, sannan a tara a bakin famfo a wanke.

Wata uku da zuwana aka yi rasuwa a gidan bayanmu. Na ga mata suna fitowa da kwanuka, ni ma na ɗauko samirata mafi kyau, wadda uwata ta sayar da cittarta ta saya min. Ranar wanki na ga abin mamaki. Kowace mace sai ta ɗaga kwano ta juya shi, ta dubi ƙasansa, ko ta ajiye ko ta sa a daronta. Ba gardama, ba tambaya. Ni ina tsaye ina neman fure, fure kuwa ga shi ko'ina. Kafin in ankara wuri ya watse, abin da ya rage wata tsohuwar langa ce mai yoyo, an toshe ramin da ƙyalle. Na zauna a kan dutsen wanki na fashe da kuka. Akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙarshe, kowa Kaka yake ce mata. Ta fito tana jan ƙafa ta ce, "Ke amarya, wa ya mutu kuma?" Na gaya mata. Ta ce, "Mece ce alamarki?" Na ce wace alama? Ta tafa hannu ta ce, "Yau ga ƙauye ya zo da ƙafarsa! Aka sa ki a mota ba wanda ya gaya miki? Tashi ki kwaso sauran kafin su ma su bi 'yar'uwarsu."

Ta ɗauko wani ɗan gwangwanin fenti shuɗi, ta karyo tsinken tsintsiya, ta kira matan gidan. Kowace ta faɗi tata don kada in maimaita: wannan gicciye, waccan ɗigo uku, wata zobe. Babu mai karatu a cikinmu. Kaka ta miƙo min tsinken ta ce, "Yi abin da hannunki ya sani." Abin da hannuna ya sani fartanya ce. Kwanon yana ta zamewa, sai matar ɗakin da ke kallon nawa ta durƙusa ta riƙe min shi da hannu biyu, tana cewa, "A hankali, ba kora ake yi ba." Fartanyar ta fito a karkace, kamar ta sha burkutu. Mata suka yi ta dariya. Kaka ta ce, "Ku bar ta. Wannan taki ce har ki mutu, kada ki canja ko da kin koyi mai kyau." Aka bi kwanukana duka, ƙasan kwano da cikin murfi. Samirar uwata ba ta dawo ba, amma daga ranar ban sake rasa ko murfi ba, kuma matar da ta riƙe min kwano ta zama aminiyata. Tare muka yi goyo, tare muka yi jinya, ita ta yi min wankan jego.

Fenti yana cinyewa da wanki, don haka duk shekara kafin Kirsimeti sai an sabunta. Maigidana ne yake yi min. Zai zauna a kan benci da yamma, ya kife kwanukan a gabansa, yana bin layin da tsinke yana tsokanata. "Fartanyar nan taki har yau ba ta koyi tsayuwa ba. In miƙe miki ita?" In ce, "Taɓa ka gani." Bai taɓa miƙe ta ba. Yadda na karkata ta ina amarya, haka ya yi ta bin ta shekara da shekaru, fenti a kan fenti, har ta yi tudu, ina jin ta da yatsa ko ban duba ba. Damina shida ke nan da na binne shi, kuma har yau idan na ji warin fenti sai na nemi wurin zama. Ki dakata da rubutun, 'yar nan, bari in share fuskata.

Sai jiniya ta daina kuka. Ba rana ɗaya abin ya faru ba, amma ni rana ɗaya nake tunawa, safiyar da muka farka da kanmu, rana ta riga ta fito, kekuna suna jingine a bango. Maza suka yi ta zuwa ƙofar masaƙa suna dawowa, har suka gaji. Gidan ya fara zubewa ɗaki-ɗaki, kowa yana komawa ƙauye. Mu muka tsaya, don maigidana ya samu gadi a wani kamfani a Kudenda. Ranar da aminiyata za ta tafi, gida uku ne suka haɗa mota ɗaya. An ɗora gadaje, an ɗora katifu, an ɗora yara a kan katifun, direba ya ce ko allura ba zai ƙara ba. Ta tsaya a bakin titi da kwanukanta a ka. Sai ta kwance zanen da ta yafa, ta shimfiɗa a ƙasa, ta ɗaure su, ta ɗora min a hannu. Ta ce, "Riƙe min. Idan an buɗe masaƙa za mu dawo." Matan sauran gida biyun da suka ga haka, su ma suka sauke nasu. Ba takarda, ba shaida, ba wanda ya ƙirga. Motar ta tashi, ina tsaye da ƙulli uku a gabana. Masaƙa ba ta buɗe ba. Aminiyata ta rasu a can, labari ne kawai ya zo min. Lokacin da ɗana ya ɗauko ni zuwa Romi ya ce, "Mama, har da waɗannan?" Na ce in ba su shiga motar ba ni ma ba zan shiga ba.

A watan da ya wuce aka yi min rasuwar ƙane, na tafi ƙauye mako biyu. A wurin gaisuwa wata mata ta durƙusa a gabana, babba, da tabarau, ta ce, "Mama, ba ki gane ni ba." Muryar na gane, muryar uwarta ce. 'Yar fari ce ta aminiyata, wadda na goya a bayana, yanzu malamar makaranta ce a Kafanchan. Ta ce kafin uwarta ta cika ta gaya mata tana da kwanuka a Kaduna a wurin ƙawarta, amma ba ta san inda za ta same ni ba. Ta ce, "Ban da hoto guda ba ni da komai nata. Suna nan kuwa?" Na daki ƙirji a gaban mutane na ce, "Suna nan yadda uwarki ta ɗaure su. Ko ƙullin ban kwance ba sai don in shanya." Ta ce za ta zo Asabar ta ƙarshen wata. Na hau mota ina jin kaina kamar wadda za ta sauke tulu bayan doguwar tafiya.

Da tsakar rana na iso. Surukata ta tare ni a ƙofa tana murmushi, hannuwanta a baya, ta ce, "Mama, rufe idonki." Na ce idon da ba ya gani me za a rufe. Ta buɗe ɗakin. Na ɗauka na yi ɓatan kai. Gwangwanaye, kwalabe, buhuna, ƙyallaye, duk baban bola ya kwashe. Iska tana shiga tana fita. A bango an kafa sabuwar kanta mai hawa huɗu, a kanta kuwa ga kwanuka, nawa da na ajiya, an jera su daga babba zuwa ƙarami, suna ƙyalli kamar a shago. Ta ce, "Ko ɗaya ban zubar ba, Mama, na san kina son su. Tsummokaran kawai na yar." Na ce a raina ba komai, zane ne ya tafi, alama tana nan. Na ɗauko wata langa na shafa ƙasanta. Sumul. Na ɗauko wata. Sumul. Na buɗe murfi. Fari tas.

Na ce, "Ina fentin?"

Ta ce, "Wannan dattin? Wallahi Mama ya ba ni wahala. Kwana uku ina fama, sai da na sa kananzir da wuƙa da soson ƙarfe." Ta fito da hannuwanta ta nuna min, yatsu biyu a naɗe da filasta.

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Ke da kike rubuta wa gishiri suna, kika ga rubutun mutane kika ce datti? Don ba a makaranta aka koya mana ba?" Ta ce, "Mama, ban sani ba, ba ki gaya min ba." Na ce, "Abu iri huɗu, a wuri ɗaya a kowane kwano, a ƙasa da cikin murfi, datti ne yake da wannan hankalin? Matar cikin wayar ba ta ce a yi tambaya ba?" Ta fara kuka, ni ma ina yi. Da ɗana ya dawo aiki ya tsaya a ƙofa ya ce, "Mama, kwano ne fa. Gobe in kai ki kasuwa ki zaɓi sababbi." Na ce masa ya fita min daga ɗaki kafin in faɗi abin da Fasto zai ji.

Kwana biyu ina sauke su ina mayarwa. Na ɗauka zan gane nawa ko da ido a rufe. Ƙarya ne. Duk tsawon rayuwata juya kwano nake yi in duba ƙasa, ban taɓa koyon fuskarsa ba. Duk sun ɓantare a baki, duk sun yi baƙi a inda suka bugu, furen nan dai shi ne. Ranar Juma'a surukata ta shigo ta zauna a bakin gado, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Mama, ki zaɓi masu kyau guda shida ki ba ta. Ai ba za ta sani ba, kuma za ta ji daɗi." Na san don ta fitar da ni kunya ta faɗa. Na kuma yi tunanin abin, ba zan ɓoye ba, har na ware shidan a gefe. Sai na ga matar nan tana ɗaukar kwanon wata tana nuna wa 'ya'yanta tana cewa a nan kakarku ta ci tuwo. Na mayar da su kan kanta.

Ta zo ranar Asabar da hantsi, da buhun acca da babbar jakar da za ta zuba kwanukan. Bayan ta sha ruwa na kai ta ɗaki, na nuna mata kantar, na gaya mata komai, surukata tana tsaye a bayan ƙofa. Na ce, "Na uwarki suna cikin nan. Wanne ne, ban sani ba. Na yi miki alkawari a gaban mutane, ga shi na kasa." Ta bi jerin da kallo. Ta ce, "Mama, ko guda ɗaya ki ba ni, kowanne ne." Na ce, "In na ba ki na wata fa? Su ma suna da 'ya'ya, wata rana wani zai durƙusa a gabana kamar yadda kika yi." Ta gyaɗa kai, ta cire tabarau ta goge. Can ta ce, "Wai uwata tana da alama? Yaya take?"

Na tsoma yatsa a kofin ruwan da ta rage, na zana mata a kan siminti: layi biyu a tsaye, ɗigo a tsakaninsu. Na ce, "Wannan ubanki, wannan ita. Tana da cikinki lokacin da ta zaɓa. Ɗigon nan ke ce." Ta durƙusa tana laluben waya a jaka don ta ɗauki hoto, kafin ta fito da ita simintin ya shanye. Ta ce, "Mama, sake yi." Na sake. Sau uku ina yi mata. Da la'asar na raka ta bakin titi, ta hau keke mai ƙafa uku da jakarta a ninke a hammata. Ita ce mutum ta farko da ta zo karɓar ajiya a wurina ta koma hannu wofi.

Ɗakin yana nan fes. Duk wadda ta leƙo sai ta ce, "Kai, Mama, ɗakinki ya yi kyau, wa ya gyara miki?" In nuna mai gyaran. Kwanukan suna kan kanta, daga babba zuwa ƙarami, ina goge musu ƙura duk safiya. Ba na ɗaukar ko ɗaya, don ba a cin abinci a kwanon ajiya, kuma yanzu ban san wanne ne ba ajiya ba. Rabinsu nawa ne, wanda maigidana ya ci a ciki yana nan yana kallona. Ni kuwa ina zaune a gabansu, ina cin tuwona a robar jikata.